Cokalin da ke Cikin Waƙa ta Huɗu

Mang Engkos ba ya ɗora allura a kan faifai sai ya fara tsayar da agogon bango. Zai miƙe a hankali, ya buɗe ɗan gilashin, ya sa yatsa ɗaya ya tare lilon, sannan ya koma kujerarsa. Cewa yake kas-kas ɗin agogo na kutsawa tsakanin mai ganga da mai jita. In kiɗa ya ƙare sai ya tura lilon ya ci gaba da tafiya, amma ba ya gyara hannun agogon. Shi ya sa a layinsu, can bayan kasuwar Cikapundung a Bandung, kowa ya san ba a tambayar lokaci a gidan nan. Matarsa, Ceu Popon, ita ke gyara agogon duk Litinin da safe. Da yawan mintocin da ta ƙara take gane yawan kiɗan da mijinta ya sha a makon.

Gyaran rediyo da na'urorin sauti ne sana'arsa, shekara arba'in da 'yan kai, a wata 'yar rumfa da ba ta ɗaukar mutum uku. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki. Amma kunnensa ya yi suna. Mutum zai shigo rungume da na'ura, a jona ta da wuta, kafin a kwance ƙusa ɗaya Mang Engkos ya karkata kai ya ce, "Ɓangaren hagu ne, akwai abin da ya bushe a ciki." A buɗe a tarar haka ne. Masu tara tsofaffin faifan kiɗan rok na garin, in gardama ta kaure musu kan wane bugu ya fi wane, ƙarshenta sai wani ya ce a je a tambayi Mang Engkos, kuma abin da ya faɗa ya zauna. Bai taɓa nuna abin na yi masa daɗi ba. Sai dai in an yabi kunnen a gabansa, yakan daɗe yana goge tabarau.

Cikin duk faifan da ke gidansa akwai ɗaya mai koren bango, na wata ƙungiya da ake kira Sagara Hideung, samari biyar masu dogon gashi da suka yi faifai ɗaya tak a 1975 suka watse. A lokacin Engkos na da shekara ashirin da biyu, shi ke kula da wayoyi da makirufo a ɗakin da aka ɗauki sautin. A waƙa ta huɗu akwai wurin da komai ke yin tsit, jita ɗaya ta rage tana tafiya a hankali. Daidai nan ne wata budurwa da ke sayar da gahawa a rumfar uwarta ta turo ƙofa da faranti a hannu, ba ta lura da jar fitilar da ke saman ƙofar mai nuna ana ɗaukar sauti ba. Cokali ya taɓa tambulan. Ting, sau ɗaya.

Mai jitar ya riga ya kaɗa wurin sau tara, wannan ne kaɗai ya fita yadda yake so, ya rantse ba zai sake ba. Aka bar shi haka nan, aka tura Engkos ya je ya yi wa budurwar faɗa. Ya bi ta har rumfa ya yi faɗan. Ta tsaya tana kallonsa har ya gama, sannan ta ce, "To gahawar taku fa, Kang? A zubar?" Kang a harshensu kamar a ce Yaya ne. Ya sha tasa a tsaye. Washegari ya koma ba da haƙuri. A rana ta uku ma ya koma, alhali an riga an karɓi haƙurin. Budurwar ita ce Popon.

Faifan bai yi farin jini a zamaninsa ba, sai daga baya mutane suka farga da shi. Aka dinga sake buga shi, kowane bugu a ce an wanke sautin an gyara. Aka yi na kaset, aka yi na faifan sidi, aka yi wani a Japan, aka yi wani kuma shekaru goma sha huɗu da suka wuce. Duk wanda ya fito sai Mang Engkos ya zauna da shi da wani littafi mai baƙin bango da ya ja wa layuka da kansa: gidan ganga, gidan murya, gidan jita, sai gida na ƙarshe da ya rubuta wa "cokali" a sama. A gaban na kaset ya rubuta cewa cokalin na nan amma kamar an rufa masa bargo. A gaban na sidi ya ce an ɗaga komai sama, mai ganga na dukan mutum a ka, cokalin ya yi tsini kamar ƙusa. Na Japan ne ya fi kwanta masa. Ya rubuta cewa a cikinsa har ana jin gahawar ba ta cika tambulan ba.

"Sukari cokali nawa aka zuba, Kang? Ka saurara da kyau ka faɗa mana," in ji Koh Abun ranar da ya karanta wannan.

Koh Abun shi ne abokinsa na shekara talatin, mai sayar da tsofaffin faifai a kasuwa, gajere mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa. Duk Lahadi da hantsi yakan zo da soyayyar awara a ƙunshin takarda, kuma dole a cinye ta kafin a sa kiɗa, don Mang Engkos bai yarda da tauna ba in allura na kan faifai. Shi kuwa faifan asali na 1975 ba a cika fito da shi ba. Duk wucewar allura tana cin wani abu a jikinsa, don haka a jakarsa yake kwana, a can ƙarshen kanta.

Ceu Popon ba ta taɓa zama da su ba. Takan ajiye musu gahawa ta koma madafa. In an tambaye ta sai ta ce, "Ni kuskure ɗaya na yi a duniya, shekara hamsin ke nan ana kunna mini shi."

Da faifan ya cika shekara hamsin sai aka yi sabon bugu, a kan faifai mai kauri irin na da, aka ce daga tef na asali aka ɗauko. Koh Abun ya kawo shi wata Lahadi ana yayyafi, ya ɓoye shi cikin riga. Aka ci awara, aka wanke hannu, aka tsayar da agogo. Mang Engkos ya zauna da littafinsa a cinya. Dama bai yarda da yaran yanzu ba, ya ce da ido suke gyaran sauti, suna kallon zane a kwamfuta. Don haka ya kasa kunne irin kasawar da ya daɗe bai yi ba.

Waƙa ta huɗu ta zo. Komai ya yi tsit, jita ta rage ita kaɗai, ta yi tafiyarta, ganga ta dawo. Mang Engkos ya miƙe ya ɗaga allurar, ya mayar da ita baya. Ya sake. Sau uku.

"Sun cire shi," ya ce.

"Me suka cire?"

"Cokalin, Koh. Sun ɗauka datti ne, sun goge."

Koh Abun ya dubi abokinsa. Ya ce yayyafin nan kamar zai zama ruwa sosai, gara ya kama hanya.

A bakin ƙofa Ceu Popon ta miƙa masa lema, ta rage murya. "Koh, kai ka ji shi?"

"Ceu, kamar ƙararrawar keke. Ban taɓa jin sa fes haka ba."

"Ni daga madafa ma na ji."

"To wa zai faɗa masa?"

"Kai ne abokinsa."

"Ke ce matarsa. Cokalin ma naki ne."

Ba wanda ya faɗa masa. Shi kuwa Mang Engkos a ranar ya fara rubuta wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya yi bugun. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a jere sai ga shi ya cika shafi biyu. Ya ce ba kowane abu ne ƙazanta ba, ya ce wanda bai kasance a ɗakin ba bai da hurumin share abin da ya faru a ɗakin. Ya kuma ƙudura zai karanta wasiƙar a taron masu faifai na ƙarshen wata, ya sa musu faifan su ji da kunnensu, kowa ya sa hannu kafin a aika. Mutum wajen ashirin ke zuwa taron nan, rabinsu masu ƙuruciya ne da lafiyayyen kunne. Duk za su ji ting ɗin nan tangaran, a gaban mutumin da suka daɗe suna kai wa gardama ya raba.

Saura mako ɗaya taron, Koh Abun ya zo da awara ninki biyu.

"Kang, kafin ka je ka tsinka yaran mutane, mu yi gwajin zane mana. Yadda in wani ya yi musu sai mu ce an gwada."

Gwajin zane tsohuwar al'adarsu ce. Mai saurare ya juya kujerarsa ya fuskanci bango, a rufa zane a kan murfin na'urar, ɗayan ya sa faifan da ya ga dama, mai saurare ya faɗi wane bugu ne. Shekara talatin Koh Abun bai taɓa kama shi ba, har suka gaji suka bari.

"Kai ba ka gajiya da shan kaye, Koh?"

"Tsufa ne, ina mantuwa. Juya kujerar."

Mang Engkos ya tsayar da agogo, ya juya. Koh Abun ya ari zanen Ceu Popon mai ruwan ƙasa, ya yi ta ɓuruntu da jakunkuna don ya ɓatar da sawu, sannan ya je ƙarshen kanta ya zaro faifan asali. Ya ɗora shi, ya sauke allurar, ya rufa zanen. Tsohon faifai ya fara da tas-tas ɗinsa na shekaru, kamar ana suya a maƙwabta. Waƙar ta yi nisa, wurin shirun ya zo, cokali ya taɓa tambulan yadda ya saba.

"Sabon ne," in ji Mang Engkos, fuskarsa na bango. "Ji shi tsaf, ko tas-tas babu. Cokali ma babu. Sun goge shi kamar teburin asibiti."

Waƙar ta ci gaba ita kaɗai. Can sai Mang Engkos ya miƙe, ya zo ya ɗaga zanen da kansa. Faifan na juyawa, kuma a tsakiyarsa ga ɗan harafin da ya rubuta da jan biro tun yana saurayi, yana zagayawa yana dawowa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya duba su, ya mayar bai goge ba.

"Wataƙila allurar ce ta gaji," in ji Koh Abun.

"Shekaranjiya na sa sabuwa."

"Ko wayar lasifika..."

"Koh." Ya koma kujerarsa, wannan karon bai juya ta ba. "Mayar da shi farkon waƙar."

Aka mayar. Ya rufe ido, ya dafe gwiwoyinsa. Ceu Popon ta fito daga madafa ba takalmi, tambulan a hannu ɗaya, cokali a ɗayan, ta tsaya daidai bayan kujerarsa. Ashe matar da ba ta taɓa zama ta saurara ba ta san wurin sarai. Da jita ta rage ita kaɗai sai ta taɓa cokalin a jikin tambulan.

Mang Engkos bai buɗe ido ba. Ya bari sai da ganga ta dawo, sannan ya kira matarsa da sunan da ya saba kiranta, ya ce, "Nyai, wannan tambulan mai kauri ne. Na wancan lokacin siriri ne. Kuma kin makara."

"Au! Ashe kana ji."

"Naki ina ji."

"To ka gode wa Allah. Da wancan ɗin ma ai ba don kai na buga ba."

Koh Abun ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai, ya ciro hankici ya ce hayaƙin suyar nan ya shigar masa ido, alhali ba a ɗora komai a wuta ba.

Can Mang Engkos ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun da butar shayi ke fito tana neman fashewa kana zaune kusa da ita kana karanta jarida," in ji Ceu Popon. "An yi shekara biyu."

"Amma watan jiya na sa na Japan. Na ji shi."

"Ka san inda yake ne, Kang."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya tura lilon agogo, ya mayar da tsohon faifan jakarsa. Wasiƙar kuwa ya ninke ta huɗu ya cusa ƙarƙashin ƙafar lasifikar dama, wadda dama ta daɗe tana girgiɗi. A taron ƙarshen wata, da aka tambaye shi yadda ya ji sabon bugun, cewa ya yi bai gama sauraro ba tukuna. Koh Abun ya yi maza ya jawo gardama kan wani faifan daban, ya yi ta surutu har aka tashi.

Lahadin da ta biyo baya Mang Engkos ya buɗe sabon shafi a littafinsa, ya ja layuka da rula, ya jera bugu shida daga na asali zuwa sabo. Sannan ya jawo kujera ta uku ya ajiye kusa da tasa.

"Nyai, zo ki zauna."

"Shinkafa na wuta."

"Koh zai duba."

"Ni?" in ji Koh Abun. "Kana son ku ci gawayi ke nan."

Ta zo ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran likita. Ya ce ganga da murya da ƙasan sauti har yanzu yana jin su, wannan aikinsa ne. Gidan ƙarshe ne nata. In cokalin ya zo ta matsa masa gwiwa, in waƙa ta ƙare ta faɗa masa yadda ya fita, shi kuma ya rubuta.

Aikin bai yi sauri ba. Ya kafe kowane bugu sai an ji shi sau uku, a Lahadi daban-daban, kuma ita ba kullum take da lokacin ba. Ga shi ba ta magana irin ta masu faifai. A kan na sidi cewa ta yi, "Wannan kamar wata ce mai fushi ta buga, ni ban yi fushi ba a ranar, tsoro na ji." A kan na Japan, wanda ya fi ƙauna, ta ce ya yi kyau da yawa, ba su taɓa mallakar tambulan mai tsada haka ba a rumfar uwarta. Da aka zo na kaset kuwa, hannunta bai bar gwiwarsa ba har waƙar ta ƙare.

"Wannan ne," ta ce.

"Kaset? Nyai, kaset fa! Shi ne mafi muni a cikinsu. An rufa masa bargo."

"Ni haka na ji shi a ranar. Ƙofa ce a bayana, zuciyata na bugawa a kunnena. Ka tambaye ni, na faɗa."

Koh Abun ya buga cinya. "Rubuta, Kang! Rubuta da manyan baƙaƙe. Shekara hamsin kana yawo har Japan, ashe abin na cikin kwalin da ka jefa ƙarƙashin gado."

"Kai ci awararka."

"Ka hana tauna."

"Yau na yafe."

Ya rubuta yadda ta faɗa, bai canza kalma ba, ya sa sunanta a gefe cikin ƙananan baƙaƙe. A watannin nan agogon gidan ya fi kowane lokaci makara, kuma akwai Litinin biyu ko uku da Ceu Popon ta manta ba ta gyara shi ba. Maƙwabta sun ce sun sha jin su suna musu ta taga, shi a hankali, ita da ƙarfi don ya ji, kan ko mai ganga ya shigo da wuri ko bai shigo ba. A da ba a jin muryar kowa a gidan in ana kiɗa.

Bugu biyar suka kammala. Saura sabon, wanda ya jawo komai. Shi ya bari a ƙarshe da gangan, ya ce yana bin yaran nan sauraro na adalci, kuma in Nyai ta ce sun yi daidai zai zaro takardar can daga ƙarƙashin lasifika ya rubuta musu wata daban. Ran Alhamis ya wanke faifan da tsumma mai laushi, ya jingina shi a gaban kanta, ya rubuta kwanan watan Lahadi a layi na shida. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Kafin la'asar ya cika.

Koh Abun bai daina zuwa ran Lahadi ba. Yakan zo da ƙunshin awara, ya zauna a kujerarsa ta da, ya ba Ceu Popon labarin kasuwa, wa ya yi faɗa da wa, wa aka sayar wa faifan jabu. Sau ɗaya, bayan kwana arba'in, ya nuna faifan da ke jingine ya ce, "Ceu, ko mu sa shi? Ki faɗa, ni in rubuta."

Ta dubi faifan, ta dubi littafin da ke kan tebur da biro a tsakiyarsa.

"Rubutunka kamar tafiyar kaza, Koh. Za ka ɓata masa shafi."

Bai sake tambaya ba. Layi na shida na nan da kwanan wata da sunan bugun, an ja masa gidaje huɗu da rula, ba a rubuta komai a ciki ba.